Ƙarfi da Raunin Hanyoyin Binciken Tunani: Misali Daga Kalmomin 'Gaba' da 'Baya' a Hausa

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya leƙa littattafan da aka rubuta a kan dangantakar harshe da tunani daga shekarun 1980 zuwa yau, da wuya ya rasa cin karo da sunan Hausa a babin da ya shafi bayanin wuri. Abin da aka saba faɗa shi ne, Bahaushe da Bature sun saɓa wajen tantance gaba da baya, wato abin da Bature zai ce yana baya, Bahaushe cewa zai yi yana gaba. Wannan magana ta samo asali ne daga gwaje-gwajen da aka gudanar bisa hanyoyin wani reshe na ilimin halayyar ɗan'adam, wanda a wannan maƙala za a kira shi nazarin tunani.

Manufar maƙalar ita ce ta auna waɗannan hanyoyin bincike, ta fito da ƙarfinsu da rauninsu, ta hanyar amfani da batun 'gaba' da 'baya' a matsayin ma'auni. Daga bisani za a ɗauki Betso ta ƙasar Mubi a Jihar Adamawa, a duba abin da zai faru in aka kai irin wannan gwaji wurin da Hausa take zaune tare da wasu harsuna. Lamarin ya shafi masana harsunan Nijeriya kai tsaye, domin da zarar sakamakon gwaji ya shiga littattafai, sai ya zama shi ne abin da duniya ta sani game da harshen da masu shi.

2.0 NAZARIN TUNANI DA HANYARSA

Nazarin tunani shi ne fagen da ke bincika yadda ɗan'adam yake tsinkayar abu, da mai da hankali, da haddacewa, da tunawa, da sarrafa harshe, da warware matsala. Ulric Neisser ne ya tattara fagen a littafi guda a 1967, amma hanyoyinsa sun girme wannan lokaci. Tun a 1868 F. C. Donders na ƙasar Holan ya auna tsawon lokacin da mutum kan ɗauka kafin ya ba da amsa, sannan a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna saurin mantuwa ta hanyar haddace gaɓoɓi marasa ma'ana.

Matsalar da fagen yake fama da ita a fili take: tunani ba ya ganuwa. Tambayar mutum yadda ya yi tunaninsa kuma ba ta wadatarwa, domin Nisbett da Wilson (1977) sun nuna cewa sau da yawa dalilin da mutum kan bayar na abin da ya aikata ba shi ne ainihin abin da ya sa shi ba. Saboda haka sai masanan suka koma ga gwaji. Mai bincike yakan tsara yanayi, ya daidaita kome da kome, ya sauya abu guda ɗaya tak, sa'annan ya ƙirga yadda amsoshi suka sauya. Daga wannan sauyi ne ake hasashen abin da ke gudana a cikin ƙwaƙwalwa.

3.0 BINCIKE A KAN 'GABA' DA 'BAYA'

Kalmomin nan biyu daga sassan jiki suka fito, wato gaban mutum da bayansa. Idan abu yana da fuska tasa ta kansa, kamar doki ko mota ko gida, babu gardama a kan inda gabansa yake. Rikicin yana tasowa ne a kan abin da ba shi da fuska, kamar turmi ko dutse ko bishiya. A ɗauka an yi jeri kamar haka:

(1) Mai kallo → wuri na ɗaya → turmi → wuri na biyu

Idan aka ajiye ƙwarya a wuri na biyu, wato can ƙetaren turmi, mai magana da Ingilishi yakan ce tana bayan turmin. Ya ɗauki turmin tamkar mutumin da ya juyo suna kallon juna. Wannan shi ne tsarin fuskantar juna. Clifford Hill na Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, a rubuce-rubucensa na 1975 da 1978 da 1982, ya nuna cewa akasarin Hausawan da aka gwada sun bi wani tsari daban. A wurinsu turmin ya sa gaba ne inda mai kallo ya sa gaba, kamar yadda matafiya ke bin juna a ayari. Wannan shi ne tsarin jeri, kuma bisa gare shi sai a ce:

(2) Ga ƙwarya can gaba da turmi.

Akwai abubuwa uku a cikin sakamakon Hill waɗanda masu ɗauko maganarsa sukan manta da su. Na farko, amsoshin ba su zo baki ɗaya ba, rinjaye ne kawai aka samu. Na biyu, idan abu na kusa ya kāre na nesa har ba a ganinsa, Hausawa ma 'baya' sukan ce, kamar a (3):

(3) Yaron ya ɓuya a bayan kuka.

Na uku, idan ana cikin tafiya, masu magana da Ingilishi su ma sukan karkata ga tsarin jeri. Ke nan duka tsare-tsaren biyu suna nan a harsunan biyu, bambancin yana ga wanda aka fi jingina da shi ne a yanayin da babu motsi kuma babu ɓuya.

4.0 ƘARFIN HANYAR

4.1 Fito da abin da ya ɓuya. Babban abin yabo ga gwaji shi ne yana tono abin da mai harshe da kansa bai lura da shi ba. Ƙamus na iya fassara 'gaba' da takwararta ta Ingilishi ya wuce, mai nahawu kuma ya sanya ta a ajin bayanau ya wuce. Sai da aka ajiye abubuwa biyu a gaban mutane da yawa, aka yi musu tambaya iri ɗaya, sa'annan aka gane cewa kalmomin biyu ba wuri ɗaya suke nunawa ba a kowane hali.

4.2 Rarrabe dalilai. Sauya abu ɗaya a lokaci guda shi ya ba da damar gano tasirin ɓuya da na motsi. Wanda ya dogara ga sauraron hirar yau da kullum kaɗai zai ji (2) ya kuma ji (3), ya zaci masu harshen ba su da tsayayyiyar ƙa'ida. Gwaji ne ya nuna cewa kowace jimla tana da yanayinta.

4.3 Ƙidaya. Hanyar tana tilasta wa mai bincike ya faɗi mutum nawa ya tambaya, nawa kuma suka ba da wace amsa. Wannan ya fi dogaro da fahimtar mutum guda, ko da kuwa shi ne mai harshen, abin da ya daɗe yana damun nazarce-nazarcen nahawu.

4.4 Damar maimaitawa. Tun da an bayyana matakan gwaji dalla-dalla, wani na iya sake shi a Sakkwato ko Maraɗi ko Mubi, ya tabbatar ko ya rushe. Iƙirarin da za a iya ƙaryatawa ya fi amfani ga ilimi a kan wanda babu hanyar gwada shi.

5.0 RAUNIN HANYAR

5.1 Su wane ne aka gwada? Arnett (2008) ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka gwada 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suka fito. Henrich da Heine da Norenzayan (2010) sun jawo hankali ga cewa waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin ɗari ne kacal na al'ummar duniya. Blasi da abokan aikinsa (2022) sun ƙara da cewa dogaro ga Ingilishi ya sa ana ɗaukar ɗabi'un wannan harshe tamkar su ne ɗabi'un tunanin ɗan'adam. Ta wannan fuska aikin Hill gyara ne, domin ya shigo da wani harshe cikin fage. Sai dai matsalar ta sake ɓullowa ta wata kafa. Ɗaliban makarantun boko su ne suka fi sauƙin samuwa ga mai gwaji, su aka fi tarawa a aji a raba musu takarda. Hausa kuwa harshe ne na miliyoyin mutane, da manomi da almajiri da matar kulle da ɗan kasuwa, masu kare-karen harshe daban-daban. Abin da ɗaliban sakandare suka faɗa ba ya isa ya zama hukunci a kan Bahaushe dungurungum.

5.2 Harshen gwaji da fassara. Hill da kansa ya lura cewa amsar masu jin harsuna biyu takan sauya gwargwadon harshen da aka yi tambaya da shi da kuma irin tarbiyyar da suka taso a ciki. Bayan wannan akwai matsalar sigar tambaya. A dubi waɗannan jimloli:

(4) a. Yana gaban kasuwa.
b. Yana gaba da kasuwa.

Ga masu harshen da dama, (4a) tana nufin ta fuskar kasuwa, alhali (4b) tana nufin sai an wuce kasuwa. Haka ake ce wa matafiyi garin da yake nema yana gaba, wato bai kai ba tukuna. Idan mai gwaji ya yi amfani da 'gaba da' a matsayin fassarar kalmar Ingilishi, mai yiwuwa ne ya yi wa rukunonin biyu tambayoyi biyu daban, sa'annan ya ɗauki bambancin amsa a matsayin bambancin tunani.

Irin wannan tarko yana nan a wasu gwaje-gwajen. George Miller (1956) ya yi fice da batun cewa mutum kan iya riƙe abubuwa kimanin bakwai a ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Amma Baddeley da Thomson da Buchanan (1975) sun nuna tsawon kalma yana rage yawan abin da ake iya riƙewa, Ellis da Hennelly (1980) kuma suka tarar masu jin harshen Welsh da Ingilishi a Birtaniya sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, domin furta lambobin Welsh ya fi cin lokaci. To, a Hausa daga ɗaya zuwa tara kowace lamba gaɓa biyu ce da ita: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas, ta-ra. A Ingilishi kuwa lamba ta bakwai ce kaɗai mai gaɓa biyu. Duk wanda ya kwatanta yaron da aka gwada da Hausa da wanda aka gwada da Ingilishi ba tare da la'akari da wannan ba, tsawon kalma ya auna, yana zaton kaifin ƙwaƙwalwa yake aunawa.

Haka kuma gwaje-gwajen da ke auna saurin gane rubutacciyar kalma za su gamu da cewa rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar 'gari' na iya zama ta mazauni ko ta tuwo, 'fari' kuma ta launi ko ta rashin ruwan sama ko ta somawa. Jinkirin mai karatu a nan daga ƙa'idar rubutu yake.

5.3 Kayan gwaji. Herbert Clark (1973) ya yi kashedi cewa masu bincike sukan yi taka-tsantsan wajen zaɓen mutane, amma su ɗauki 'yan kalmomi kaɗan su yanke hukunci a kan harshe baki ɗaya. Haka abin yake ga kayan da ake ajiyewa. Turmi ba shi da fuska, amma buta tana da hanci, tulu mai kunne ɗaya ma ana iya ba shi gefe. Bishiyar da ke ƙofar gida takan ari fuskar gidan. Sa'annan zane a takarda ba daidai yake da abu na zahiri ba. Hudson (1960) ya yi iƙirarin cewa wasu ma'aikatan Afirka ta Kudu ba sa tsinkayar zurfi a hoto, amma Deregowski (1968) a Zambiya ya nuna da yawa daga waɗanda suka faɗi gwajin Hudson sun yi nasara da aka sauya musu aikin zuwa gina abin da suka gani a zane.

5.4 Fahimtar abin da ake nema. Gwaji ma mu'amala ce tsakanin mutane, kuma wanda ake tambaya yana ƙoƙarin gane abin da mai tambaya yake so. Joseph Glick, ɗaya daga masu binciken da suka yi aiki tare da Michael Cole a tsakanin Kpelle na Laberiya, ya ba da labarin yadda mutanen suka haɗa wuƙa da lemo maimakon su ware kayan aiki daban, abinci daban. Da aka tambaye su yadda wawa zai rarraba kayan, sai suka rarraba su daidai yadda masu binciken suke so tun farko. Neisser da kansa, a 1976, ya koka cewa fagen ya yi nisa da rayuwar yau da kullum.

5.5 Daga furuci zuwa tunani. Sanin abin da mutum ya faɗa daban, sanin yadda ya riƙe abin a zuciyarsa daban. Domin cike wannan giɓi, Stephen Levinson da abokan aikinsa na Cibiyar Max Planck da ke Holan suka ƙirƙiro gwajin da ba ya buƙatar magana. Akan jera wa mutum 'yan gumakan dabbobi a kan tebur, a juya shi ya fuskanci ɗaya ɓangaren, a ce ya sake jera su yadda ya gani. Masu harshen Tzeltal na Tenejapa a Meziko, waɗanda ke bayanin wuri da hawa da gangara, sun fi riƙe jeri bisa shimfiɗar ƙasa, 'yan Holan kuwa bisa damansu da hagunsu. Duk da haka Li da Gleitman (2002) sun nuna ɗaliban Amurka ma sukan sauya amsa in aka fitar da su waje ko aka sanya wata alama a gefen tebur, Levinson da mutanensa kuma suka mai da martani a wannan shekara. Darasin shi ne, ko gwajin da babu magana a cikinsa bai kuɓuta daga tasirin wurin da aka yi shi ba.

5.6 Ƙarancin maimaitawa. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka buga a 2008. A asali 97 daga cikinsu sun ba da sakamako mai ƙarfi, amma da aka maimaita kashi 36 cikin ɗari ne suka sake bayarwa. Na nazarin tunani sun fi tsayawa, kimanin rabi, a kan na halayyar zamantakewa da suka tsaya a kimanin kashi ɗaya bisa huɗu. Wannan ya nuna hanyar tana da ƙarko, ya kuma nuna yawan ambaton bincike a littattafai ba ya zama madadin sake gwada shi.

6.0 IDAN AKA KAI GWAJIN BETSO

Betso mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa. Ƙasar Mubi tana kusa da iyakar Kamaru, a gindin duwatsun Mandara, kuma harsuna irin su Guɗe da Fali da Njanyi da Fulatanci suna zaune a cikinta, ga Higi da Margi da Kilba a maƙwabtaka. Ban da Fulatanci, sauran duk 'yan'uwan Hausa ne a iyalin Cadi, amma na reshen Biu-Mandara, alhali Hausa ta reshen Yamma ce. Hausa ita ce harshen da ya fi haɗa jama'a a kasuwa da tasha, kuma ga mutane da dama harshe na biyu ce ko na uku.

A ɗauka mai bincike ya je irin wannan wuri da turminsa da ƙwaryarsa, ya yi tambaya da Hausa. Ko wace amsa ya samu, fassararta za ta yi wuya. In tsarin jeri ya rinjaya, yana iya kasancewa daga Hausa mutanen suka ɗauko shi, yana kuma iya kasancewa harshensu na farko ma haka yake, wato ɗabi'a ce ta yanki ko ta iyalin harsunan. In tsarin fuskantar juna ya rinjaya, dalilin na iya zama harshen uwa, ko Ingilishin makaranta, ko ganin cewa mai tambayar ɗan boko ne. Akwai kuma yiwuwar mutum ya kauce wa kalmomin biyu baki ɗaya, ya ce ƙwaryar tana ta wajen dutse, ko tana gabas da turmi, kamar yadda Hausawa suka saba bayyana iyakar gona. Takardar da ta tanadi gurbi biyu kawai, gaba ko baya, za ta ƙirga wannan amsa a matsayin kuskure, alhali ita ce ta fi kusa da yadda ake magana.

Amma wannan cakuɗuwa da ke rikita gwaji marar shiri ita ce ke ba gwaji mai shiri dama. A wuri guda ana iya samun wanda Hausa ce harshensa na farko da wanda ya koye ta a kasuwa, da ɗan boko da mai karatun allo da wanda bai yi ko ɗaya ba, dukkansu suna kallon duwatsu iri ɗaya. Irin wannan dama ce Scribner da Cole (1981) suka yi amfani da ita a tsakanin Vai na Laberiya, inda suka rarrabe tasirin makarantar boko da na rubutun Vai da na karatun Alƙur'ani. Domin cin moriyarta, ya kamata a kiyaye waɗannan sharuɗɗa:

(a) a rubuta tarihin harsunan kowane mutum da irin karatunsa;
(b) a gwada mutum ɗaya da kowane harshen da yake ji, a ranaku daban-daban, ta bakin mai harshen;
(c) a yi amfani da 'gaban' da 'gaba da' duka biyu, a ƙirga su daban;
(d) a yi amfani da kayan gida na zahiri iri-iri, a ciki da wajen ɗaki;
(e) a bar mutum ya bayyana wurin da kalmominsa kafin a ba shi zaɓi;
(f) a haɗa da gwajin da babu magana, da kuma naɗar hirar yau da kullum;
(g) a bayyana tsarin aikin tun kafin a fara, a kuma adana amsoshi don masu son maimaitawa.

7.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa hanyar gwaji ta nazarin tunani ta fito da wata gaskiya game da Hausa wadda ƙamus da nahawu ba su fito da ita ba. Ta kuma nuna iyakar wannan gaskiya: ta tsaya ne ga mutanen da aka gwada, da harshen da aka tambaye su da shi, da sigar tambayar, da kayan da aka ajiye musu. Amfanin sanin haka bai tsaya ga masana ba. Malamin da ya ce wa yaro ya zana ɗigo a gaban da'ira, da tafintan da ke fassara wa alƙali inda shaida ya ce mutum yana tsaye, duk suna iya juya gaba ta koma baya ba tare da sun sani ba. Galibin raunin da aka lissafa a sama na harshe ne, saboda haka masanin harshe ne ya fi cancanta ya gano shi tun a lokacin tsara gwaji. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i suna da masu jin harsunan, suna kuma kusa da wurare irin su Betso, don haka a gare su ya fi sauƙi a sake wannan gwaji, a ga ko abin da aka rubuta a 1982 zai tsaya a tsakanin dukkan masu magana da Hausa.